Kai ka biya kuɗin talla a Zuru, allon talla ya tsaya a Legas

1/ Hutun nan da na zo gida Zuru, yayana ya nuna min takardar yarjejeniya. Yana son buɗe gidan abinci da sunan wani kamfanin soyayyar kaza. Shi hankalinsa na kan sunan, ni kuwa layi ɗaya ne ya tsaya min a rai: kuɗin talla.

2/ Wannan tsari shi ake kira faranchayis, wato hayar sunan kamfani. Shago naka, albashin ma'aikata naka, man janareta naka, amma suna da salon girki nasu ne. Ta haka rassan Mr Bigg's da yawa suka bazu, bayan UAC ta fara shi a Legas a 1986.

3/ Bayan kuɗin suna, kowane reshe yana zuba wani kaso a asusun talla na bai ɗaya, uwar kamfani ce ke kashewa. Misali Subway a Amurka: kashi 8 cikin 100 kuɗin suna, kashi 4.5 na talla.

4/ Ga inda gizo ke saƙar: daga ciniki ake cirewa, ba daga riba ba. A ce ka sayar da abincin naira miliyan 5 a wata, da lissafin Subway naira 225,000 sun tafi talla. Ko ka ci riba ko ka faɗi, sai ka biya.

5/ To, a ina za a kashe? Kamfani zai kai talla inda rassansa suka fi yawa. Allon da aka kafa a Ikeja me zai ƙara wa mai shago a Zuru? Kwastomansa ɗaliban Jami'ar Noma ta Tarayya ne, da ma'aikata, da 'yan kabu-kabu. Da Hausa da C'lela ake jawo su.

6/ Sannan akwai dole. In uwar kamfani ta ce a yi rangwame, kai ma sai ka yi. A 2009 masu rassan Burger King a Amurka sun kai kamfanin kotu saboda an tilasta musu sayar da wani burga a dala 1, suna cewa asara suke yi a kai.

7/ A Kanada ma, 2017, masu rassan Tim Hortons sun shigar da ƙara bisa zargin ana karkatar da kuɗin asusun talla. Sai 2019 aka yi sulhu. In masu lauyoyi da ƙungiya sun sha wannan, ina ga yayana shi kaɗai?

8/ Ban ce asusun talla sata ba ne fa. Sunan da kake haya, talla ce ta gina shi, kuma shago ɗaya ba zai iya biyan tallan talabijin ba. Amma wanda ya zuba kuɗi yana da haƙƙin ganin inda suka shiga.

9/ Abin da na ce masa: Yaya, kar ka sa hannu sai an rubuta abu uku. Rahoton asusun duk shekara. Wani kaso ya dawo maka ka yi talla a gida, ko da lokacin Uhola ne da gari ke cika. Kuma a fayyace wa zai ɗauki asarar rangwame.

10/ In sun ƙi, ka riƙe kuɗinka. Naira 225,000 duk wata za ta gina sunanka na kanka a garin da kowa ya san gidanku. Mai balangun bakin tasha bai biya kowa kuɗin suna ba, amma layi ake yi masa.

11/ Ya ce zai kai wa lauya takardar kafin ya yanke shawara. Masu riƙe da reshen irin waɗannan kamfanoni a Kano ko Sakkwato, don Allah ku faɗa mana: an taɓa nuna muku lissafin kuɗin tallanku?