Bayan An Tara Kuɗin, Ina Labari?

Duk wanda ke da wayar hannu a cikinmu mazauna Kurmi ya san irin saƙon da zan yi magana a kansa. Da asuba ka buɗe WhatsApp, sai ka tarar da hoton wani bawan Allah kwance a gadon asibiti, ƙarƙashinsa an rubuta cewa ƙungiya kaza na neman gudummawa domin a yi masa aiki, ga lambar asusu. Kafin azahar hoton ya zaga Agege da Idi-Araba da Mile 12, ya faɗa Sabon Ibadan, ya gangara har Fatakwal. Mai shayi ya tura ɗari biyar, ɗan canji ya tura dubu goma, mai gadi ya ce a dakata masa sai ƙarshen wata. Daga nan kuma sai ka ji shiru kamar an aiki bawa garinsu. An yi aikin? Ya warke? Ya rasu? Nawa aka tara, nawa aka kashe? Babu mai faɗa maka.

Taimakon juna dai ba baƙon abu ba ne a zango. Tun zamanin fataken goro da shanu, baƙo ya sauka a Sabon Shagamu ko na Ibadan yana da maigida, in ya kwanta ciwo a yi masa karo-karo, in ya rasu a yi masa sutura. Amma a wancan lokaci a ƙofar masallaci ake shimfiɗa tabarma, a ƙirga kuɗin a gaban liman da Sarkin Hausawa, kowa na kallo. Wanda ya riƙe kuɗin kuwa gobe za a gamu da shi a sahu. Yanzu waya ta kai kukanmu inda tabarma ba ta taɓa kaiwa ba, amma idon jama'a da ke kan tabarmar nan an baro shi a ƙofar masallaci.

Kada a ɗauka ina ƙin wannan sabuwar hanya. Mun ga amfaninta a watan Fabrairu na 2021, sa'ad da rikicin kasuwar Shasha a Ibadan ya raba mutanenmu da rumfunansu da muhallinsu, haka kuma a watan Satumba na 2024, da madatsar ruwan Alau ta ɓalle ruwa ya mamaye Maiduguri. Ta waya labari ya iso wa da yawa daga cikinmu, ta waya kuma aka riƙa tura abin da ya sawwaƙa. Abin da nake tsoro shi ne ranar da za a yi kuka na gaskiya jama'a su toshe kunne, domin kuwa an sha yi musu kukan da ba su ga ƙarshensa ba.

Ni kaina ya faru da ni. Bara wata ƙungiya, wadda ba zan kama sunanta ba, ta yi shelar neman kuɗin jinyar wani yaro, na ba da abin da nake iyawa, har na sa abokan aikina suka bayar. Bayan wata biyu na tambayi sakatarensu yadda aka ƙare. Amsar da na samu ita ce, "Haba Malam, sadaka ka yi ko bashi ka bayar?" Ban ce sun ci kuɗin ba, watakila ma sun yi aikin yadda ya kamata. Amma da suka sake aiko da wani hoton, hannuna bai kai aljihu ba, kuma na ji kunyar in sake tunkarar mutanen da na jawo da farko.

Saboda haka shawarata ga shugabannin ƙungiyoyinmu na sa kai ita ce, duk shafin da kuka yi roƙo a cikinsa, ku koma can ku ba da lissafi. Ba sai an ɗauko akanta mai digiri ba. Ma'aji ya rubuta cewa ga abin da ya shigo daga ran kaza zuwa ran kaza, ga abin da aka biya asibiti, ga rasit, ga ragowa da inda za a sa ta. In majiyyacin ya rasu a faɗa, a yi masa addu'a. Tun da kuwa yawancin masu ba da gudummawar nan ba su damu da dogon rubutun boko ba, to, a naɗi murya ta minti biyu da Hausa a tura, yadda mai tura baro zai saurara yana kan aikinsa. Wannan shi ne tallan da ya fi kowane talla, gama wanda ya ji inda ɗari biyar ɗinsa ta shiga, shi zai jawo maka mutum uku gobe ba tare da ka roƙe shi ba.

Sai batun asusu. Har yanzu da yawa lambar asusun shugaba ko ta ƙaninsa ake liƙawa a ƙarƙashin hoto. In mutumin ya mutu fa? Kuɗin marayu ya shiga cikin gado ke nan, sai an kai ruwa rana. Alhali kuwa dokar kamfanoni ta 2020 ta tanadi yadda ƙungiya za ta yi rajistar amintattunta a Hukumar Rajistar Kamfanoni, watau CAC, ta buɗe asusu da sunanta, ta riƙa kai rahoton shekara. Akwai ɗawainiya a ciki, ban musa ba, amma asusu mai sa hannun mutum biyu ko uku yana kare mai gaskiya daga zargi kamar yadda yake ɗaure hannun mai son zuciya.

Abu ɗaya da ke ƙona mini rai shi ne hotunan kansu. A jera marayu a rana, kowa rungume da ƙullin shinkafa, a ce su ɗaga kai a ɗauka. A yaye zanen mace mai jinya a nuna wa duniya ciwonta. Wane ne a cikinmu zai yarda a yi wa 'yarsa haka? Yaron nan zai girma, zai nemi aure, hoton yana nan bai goge ba. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sa bayanin lafiyar mutum cikin abubuwan da ake tsananta kiyayewa, ta kuma ce in yaro ne sai da yardar iyaye ko mai riƙonsa. Ko babu doka ma, ai kunyar da aka tashe mu da ita ta isa. A nuna rijiyar da aka haƙa, a nuna buhunan da rasit ɗinsu, a rufe fuskar mai karɓa.

Har ila yau, kada ƙungiya ta manta cewa shafin nan aron ɗaki ne. Daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022 gwamnati ta rufe Twitter a ƙasar nan, ran 4 ga Oktoba 2021 kuma Facebook da WhatsApp suka ɗauke kusan awa shida a duniya baki ɗaya. Sakatare ya ajiye littafi mai bango, da sunayen masu bayarwa da lambobinsu da abin da kowa ya bayar, a kuma karanta lissafin a taron wata kamar yadda iyayenmu suka saba. Ƙungiyar da ta fara yin haka a Ikko ko Badun ko Anaca, ta aiko mana da kwafin lissafinta, za mu nema masa wuri a wannan shafi.