Mace Aka Samu: Barka da Arziki

Labarin haihuwa ba ya kwana a ƙasar Hausa. Da zarar mace ta sauka lafiya, 'yan'uwa da maƙwabta sukan yi ta shigowa suna cewa, "Barka da arziki, Allah ya raya." Daga nan sai tambaya ta biyo baya: "Me aka samu?" Ku ɗalibai masu koyon Hausa, idan kun sami kanku a irin wannan wuri, ku kasa kunne ku ji yadda ake karɓar amsar. Idan aka ce namiji ne, sai fara'a ta ƙaru. Idan aka ce mace ce, a wasu gidajen sai murya ta yi sanyi, har wani ya ce, "To, Allah ya kawo namiji a gaba." Duk wannan a kunnen mai jego ake yin sa, wato matar da ta haihu, wadda ke kwance a ɗaki tana fama da gajiya da ciwon jiki.

Wannan hali ba na Hausawa ne kaɗai ba. Akwai shi a sassa da dama na Nijeriya, wataƙila har da garinku. Ra'ayina a kansa shi ne, wadda ta haifi 'ya mace ta yi cikakkiyar haihuwa. Saboda haka, ita da jaririyarta sun cancanci cikakkiyar murna da cikakkiyar kulawa. Wannan kulawa kuwa nauyi ne a kan duk mutanen gida, manya da yara, maza da mata.

Bari mu fara da hujjar masu fifita ɗa namiji, domin ba a yanke wa mutum hukunci ba tare da an saurare shi ba. Sukan ce namiji ne zai riƙe gona, ya tsaya wa gida, ya ci gaba da sunan mahaifinsa. Mace kuwa, in ji su, ta gidan wani ce: a raine ta, a ilimantar da ita, wata rana ta tafi. Sukan ƙara da cewa aurar da 'ya mace akwai tsada, don iyayenta ne ke sayen kayan ɗaki, irin su gado da katifa da kwanuka. Talakan da ke wannan lissafi ba mugu ba ne, damuwarsa ta gaskiya ce.

Sai dai lissafin bai cika ba. Ku dubi gidajen unguwarku. Idan tsoho ko tsohuwa suka kwanta ciwo, wa ke zaman jinya? Sau da yawa 'ya mace ce ke baro gidan aurenta ta zo ta zauna da su. Aure ba ya yanke zumunci. A yau akwai mata likitoci da malamai da 'yan kasuwa waɗanda su ne ke ciyar da iyayensu, su kuma biya wa ƙannensu kuɗin makaranta. Tarihi ma shaida ne. Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ta rayu daga 1793 zuwa 1864. Ta yi rubuce-rubuce da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma kafa tsarin 'Yan Taru, inda malamai mata ke shiga ƙauyuka suna koyar da 'yan'uwansu mata. Ita ma 'ya mace ce, ga shi har yau sunanta bai ɓace ba. Tsadar kayan ɗaki kuwa, mu muka ɗora wa kanmu, mu ne kuma za mu iya rage ta. Jaririyar da ba ta yi mako a duniya ba, ba ta da hannu a ciki.

Akwai wani zalunci da ya fi wannan zafi, shi ne ɗora wa uwa laifi. Akan gorantawa matar da ta haifi 'ya'ya mata biyu ko uku a jere, wani lokaci har aurenta ya shiga cikin haɗari. Ku da kuke karanta ilimin halittu a makaranta kun san abin da kimiyya ta tabbatar. Ƙwan uwa kullum ƙwayar halitta mai alamar X yake ɗauke da ita. Daga wajen uba ne ake samun X ko Y. Idan X ta haɗu da X, mace ce. Idan X ta haɗu da Y, namiji ne. Uba ba shi da ikon zaɓi, uwa kuwa ko kusa. Haihuwa kyautar Allah ce, kamar yadda iyayenmu ke faɗa. To, a kan me za a tuhumi mai jego?

Abin sha'awa shi ne, al'adar Hausawa da kanta ta tanadi kyakkyawar tarba ga 'ya mace. Idan haihuwa ta zagayo, wato bayan kwana bakwai, akan yi suna. Maza su taru da safe a ƙofar gida, liman ya yi addu'a, a raɗa wa jaririya suna, a raba goro, a yanka rago. A mazhabar Malikiyya, wadda yawancin Musulmin Nijeriya ke bi, dabba ɗaya ake yanka wa namiji, ɗaya kuma ake yanka wa mace. Bayan sunan yanka akwai laƙabi masu daɗi. Wadda aka haifa ranar Lahadi ita ce Ladi, ta Talata Talatu, ta Alhamis Lami, ta Juma'a Jummai, ta Asabar kuma Asabe. Idan tagwaye ne mata, ga Hassana da Husaina. Wadda ta zo bayan 'ya'ya maza akan kira ta Kande ko Delu. Kaka namiji yakan yi wasa ya ce ya yi amarya, kaka mace kuwa ta ce an kawo mata kishiya. Mutanen da suka ƙirƙiro waɗannan sunaye da wannan barkwanci sun san darajar 'ya mace.

Haka kuma al'ada ta san cewa sabuwar uwa ba za ta iya ita kaɗai ba. Idan cikin fari ne, mace takan koma gidan iyayenta tun kafin ta haihu, ana kiran wannan goyon ciki. Bayan haihuwa akan ba ta kwana arba'in na jego. A wannan lokaci ba ta daka, ba ta ɗebo ruwa, ba ta girki. Wata dattijuwa takan zauna da ita, ta koya mata yadda ake yi wa jaririya wanka, da yadda ake riƙe ta a ba ta nono, da yadda ake goya ta da zane. Akan dafa mata abinci mai gina jiki, kamar kauri, wato farfesun ƙafafu ko kan sa mai yaji. Ɗaliban da suka fito daga ƙasar Ibo za su tuna da omugwo, inda uwar mai jego ke zuwa ta zauna da 'yarta. Manufar duk ɗaya ce: hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Me ya sa hutun nan yake da muhimmanci? Ku yi tunanin kwana ɗaya a rayuwar mai jego. Sabuwar jaririya takan sha nono sau takwas zuwa goma sha biyu tsakanin dare da rana. Barcin uwa a gutsure yake, ta yi awa biyu, kuka ya tashe ta. Ga wankin kayan jaririya da ba ya ƙarewa, ga baƙi 'yan barka, ga jikinta da bai warke ba. Yanzu kuma zamani ya sauya. Ma'aurata da yawa suna zaune a Legas ko Abuja ko Fatakwal, a ɗaki ɗaya ko biyu, nesa da iyaye. A irin wannan gida babu dattijuwa, sai miji da maƙwabta. Idan har aka rage ɗan taimakon da ake da shi don kawai mace aka haifa, za a wayi gari da abin da Hausawa ke kira haihuwar guzuma, ɗa kwance, uwa kwance.

Duk da haka, yabon al'ada ba zai hana mu gyara ta ba. Akwai abubuwan da iyayenmu suka yi da kyakkyawar niyya, amma bincike ya nuna suna cutarwa. Na farko shi ne tsananta wankan jego. Akan tafasa ruwa, a tsoma ganyen darbejiya ko na tsamiya, mai jego ta riƙa fyaɗa wa jikinta safe da yamma, sannan ta sha kunun kanwa da yawa. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura cewa matsanancin zafi da yawan kanwa suna da alaƙa da ciwon zuciya da ke kama mata bayan haihuwa. Ruwa mai ɗumi ya isa, kanwa kuma a rage ta ƙwarai. Idan ƙafafun mai jego suka kumbura, ko numfashinta ya riƙa yin sama-sama, ko jini ya yi yawa, a garzaya da ita asibiti.

Na biyu shi ne zubar da dakashi, wato ruwan nono na farko mai kauri, mai launin rawaya. Wasu sukan ce ba shi da kyau, alhali yana ɗauke da sinadaran da ke kare jaririya daga cututtuka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a sa jariri a nono cikin awa ɗaya da haihuwa, a ba shi nono zalla har wata shida ba tare da ko ruwa ba, sannan a ci gaba da shayarwa tare da abinci har shekara biyu ko fiye.

Na uku ya shafi aikin wanzami. Askin suna ba shi da laifi idan askar tana da tsabta. Amma cire beli daga maƙogwaron jariri yana iya jawo zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta. Mafi muni shi ne yankan da ake yi wa jarirai mata a gabansu, wanda wasu ke kira cire angurya. Ba shi da wani amfani ga lafiya, kuma illarsa tana iya bin yarinya har girmanta. Dokar hana cin zarafin jama'a, wadda Gwamnatin Tarayya ta sa wa hannu a 2015, ta haramta kaciyar mata. Sabuwar uwa mai ƙarancin shekaru ba za ta iya musu da surukarta ko kakarta a kan wannan ba, don kunya da ladabi sun ɗaure mata baki. Miji ne ya kamata ya yi magana, cikin girmamawa, amma ba tare da ja da baya ba.

Akwai kuma haƙƙoƙi biyu da bai kamata a yi wa 'ya mace ƙwauronsu ba. Ɗaya shi ne rigakafi, wanda ake yi kyauta a asibitocin gwamnati. Da haihuwa ake ba da na tarin fuka da shan inna da ciwon hanta. Sai a koma a mako na 6 da na 10 da na 14, sannan a wata na 9 a karɓi na ƙyanda da na zazzaɓin shawara. Rigakafi ya fi magani. Ɗayan kuma shi ne takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Da ita yarinya za ta tabbatar da shekarunta idan ta zo shiga makaranta ko neman fasfo. Gidan da ya yi wa ɗa namiji wannan takarda ya manta da 'ya mace, ya riga ya nuna wadda yake ganin ba za ta yi nisa ba.

Kada mu manta da zuciyar mai jego. Mata da yawa sukan ji ƙunci ko su yi kuka ba dalili a 'yan kwanakin farko, kuma yakan wuce da kansa. Amma idan baƙin ciki ya haura mako biyu, ta daina cin abinci, ta kasa barci ko da jaririya ta yi barci, to, ciwo ne da likita ke iya magancewa. Baƙar magana a kan jinsin abin da ta haifa ƙara mata nauyi take yi a lokacin da ta fi bukatar tausayi.

Wataƙila ku ce, "Mu ɗalibai ne, ina ruwanmu da jego?" Ruwanku ne, domin ɗa na kowa ne. Idan mahaifiyarku ko yayarku ko matar kawunku ta haihu, za ku iya ɗebo ruwa, ku share tsakar gida, ku wanke kwanuka, ku riƙe ƙanne don ta samu ta runtsa. Za ku iya duba katin rigakafi ku tuna mata ranar komawa asibiti. Ku wanke hannu da sabulu kafin ku ɗauki jaririya, ku kuma tallafe mata kai, don wuyanta bai yi ƙwari ba. Wannan aiki bai taƙaita ga 'yan mata ba. Yaron da ya iya lallashin ƙanwarsa a yau, shi ne uban da ba zai bar matarsa ita kaɗai da raino ba gobe. A 2021 Gwamnatin Tarayya ta amince da hutun kwana 14 ga ma'aikatanta maza idan matansu suka haihu, alamar cewa uba ma yana da aikin yi a gidan jego.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yarinyar da ta taso ta ga ana kai ta asibiti kamar yadda ake kai wanta, ana sa ta makaranta kamar yadda aka sa shi, za ta san cewa ita ma 'yar gida ce mai cikakken matsayi. Wannan tarbiyya tun daga ɗakin jego take farawa, kuma harshe ne matakinta na farko. Ku da kuke koyon gaishe-gaishen Hausa, ku koyi wannan da kyau: idan aka ce muku mace aka samu, ku amsa da sakin fuska, "Madalla, barka da arziki. Allah ya raya ta, ya yi mata albarka, ya ba mai jego lafiya."