Ba Kowane "Rich" Ne Mai Arziki Ba

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, in yi magana da 'yan uwana manoma da 'yan tireda a kan wasu kalmomin Turanci da suke shigo mana gida a jikin takardu, mu kuma mu tattara su duka mu ce arziki. Ni tsohon malamin firamare ne, yanzu ina zaman shago a bakin kasuwar garinmu, don haka duk wanda aka ba takardar da ta fi ƙarfinsa, wurina yake kawo ta.

Kwanakin baya ɗan ƙanena mai sayar da hatsi ya zo da wata takarda mai ƙyalli, bakinsa har kunne. Ya ce, "Baffa, duba mini wannan, an ce hanyar arziki ce." Na sa tabarau na karanta. Ga "wealth", ga "abundance", ga "prosperity", kowace da manyan baƙaƙe, amma daga sama har ƙasa babu inda aka faɗi abin da ake saye da sayarwa. Na ce masa, "Kai yaro, wanda ya fassara maka ya ba ka miya ne babu tuwo." Bai ji ba, ya zuba kuɗin buhun masara biyar. Yau wata huɗu ke nan lambar wayar mutanen ba ta shiga. Ba shi ne farau ba. Waɗanda MMM ta rufe wa kuɗi a Disambar 2016, da waɗanda CBEX ta tafi da nasu a Afrilun 2025, da daɗin baki irin wannan aka jawo su.

To bari mu ɗauki kalmomin. "Rich" ita ce kowa ya sani. Ana faɗa wa duk wanda kuɗi ke hannunsa yau, ko da jiya ba shi da su, ko da gobe za su ƙare. A tsohon Turanci ma'anarta mai ƙarfi ne ko mai iko. Kuma ba mutum kaɗai ake ce wa haka ba. "Rich soil" ƙasar noma ce mai ƙarfi, irin fadamar da ba ta neman taki da yawa. Wata baiwar Allah ta taɓa mayar mini da gwangwanin madara don ɗanta ya karanta mata "rich in vitamins", wai ya ce na masu kuɗi ne. Alhali nufinsa madarar tana da sinadaran gina jiki da yawa.

"Wealth" kuwa ita ce ta fi kusa da abin da muke kira dukiya, wato abin da ya zauna: gona, gida, shanu, rumbu cike. Asalinta daga kalmar da ke nufin zaman lafiya da walwala ne, shi ya sa ta yi kama da "health", wato lafiyar jiki. Direban da ya ci caca yau "rich" ne. Dattijon da ke da gonaki uku da garke, ko da rigarsa da faci, shi ne "wealthy". Ɗan ƙanena ya ɗauki dukiya ya sayar don a mai da shi "rich", ya tashi babu tsuntsu babu tarko.

Akwai abin da ya ba ni sha'awa a nan. Idan Bafulatani ya ce dukiyarsa, shanunsa yake nufi. To Turawan ma haka suka faro. Kalmar "cattle", wato shanu, da "capital", wato jari, tushensu ɗaya ne, daga kalmar Latin mai nufin kai. Su suna ce wa jari kan kuɗi, Larabawa ma ra'asul mali suke cewa, mu kuma muka ce uwar kuɗi. A ganina tamu ta fi, domin uwa ita ke haihuwa, kuma wanda ya yanka uwa ya gama da 'ya'ya.

"Fortune" dukiya ce mai yawa, amma kalmar tana nufin sa'a kuma. Fortuna sunan gunkiyar sa'a ce ta Rumawan da. Idan ka ga wannan kalma a takardar neman kuɗinka, ka tambaya ko ciniki ake kiranka ko caca.

Inda na fi so manoma su buɗe kunne shi ne kalmomin yalwa. "Plenty" da "abundance" duk yalwa ce, ta biyun asalinta ruwa ne da ya cika ya tumbatsa. "Surplus" rara ce, abin da ya saura bayan ka cire na ci da na iri. Amma akwai "glut", wato kaya ya yi yawa har ya rasa mai saye. Masu noman tumatir na Kadawa da Kura ba sa bukatar a yi musu fassara, sun ga lokacin da kwando ke faɗuwa har kuɗin mota ya fi kuɗin kayan, a zubar a bakin titi. Saboda haka in an ce a rediyo an samu "bumper harvest", wato kaka ta yi kyau ƙwarai, ka yi hamdala, amma kada ka ci bashi a kai tukuna, don yalwar da ta cika rumbu ita ce ke karya farashi. Ƙasar nan ma ta ɗanɗana. Shekarun 1970 aka yi ta kiran "oil boom", aka raba kuɗin Udoji, kowa ya sayi rediyo da babur. Da aka shiga shekarun 1980 sai kalmar ta koma "oil glut", mai ya yi yawa a kasuwar duniya, farashi ya faɗi, a 1982 gwamnatin Shagari ta kawo tsuke bakin aljihu. Man bai ragu a ƙasa ba, masu saye ne suka ƙoshi.

Sai miloniya, wadda muka ara muka mayar tamu. Lokacin da aka fito da naira a 1973, ta fi dalar Amurka daraja, mai miliyan ɗaya kuwa sai a yi masa waƙa. A 2024 dala ɗaya ta haura naira 1,500, ke nan miliyan ɗaya ba ta kai dala 700 ba. Babban sa guda ya fi ta. Duk wanda ya ce zai mai da kai miloniya, wallahi bai yi maka alkawarin da ya kai a sayar da gona ba.

Haka kuma 'yan tireda su rarrabe "income" ko "turnover" da "profit". Na farkon abin da ya shigo ne, na biyun jimillar cinikin da aka yi, na ukun shi ne riba. Na ga wanda ya cika fom ɗin rance, ya rubuta cinikinsa na wata a gurbin riba, aka ba shi bashin da ya fi ƙarfin shagonsa.

Wani abu kuma, na duba ƙamus ɗina na Turanci tsaf ban sami kalma ɗaya da ta ɗauki rufin asiri ba. Mafi kusa su ne "comfortable" da "well-off", su ma ba su kai ba. Arziki kuwa daga rizƙu na Larabci muka samo shi, shi ya sa muke cewa ɗan arziki ga yaro mai tarbiyya ko da ubansa ba shi da ko sisi, muke cewa a rabu arziki, muke cewa ruwan arziki. Babu Baturen da zai ce wa yaro "rich" don yana gaishe da manya.

Roƙona ga masu fassara labarai a gidajen rediyo da jaridu, har da taku Malam Edita, shi ne a daina jefa waɗannan kalmomi cikin kwando ɗaya. Inda dukiya ce a ce dukiya, inda rara ce a ce rara, inda kasuwa ce ta cushe a faɗa haka. Su kuma yaranmu 'yan makaranta da muke miƙa wa takarda, in kalma ta shige musu duhu su ce ba su sani ba, a nemi wanda ya sani kafin a kwance bakin buhu.



Naku mai karatu kullum,
Tsohon malamin firamare, daga ƙasar Katsina.