Sharhi: Kaka ta yi, me za a saka a kunne a Agie, Gazawa da Gidan Rumji?

Duk shekara idan watan Oktoba ya kama, kafafen yaɗa labarai na Turai da Amurka sukan cika da jerin fina-finai, littattafai da shirye-shiryen murya da suke ba mutane shawarar su nema, domin a can lokacin faɗuwar ganye ne da shigowar sanyi, kowa na neman abin da zai ɗebe masa kewa a ɗaki. Ɗan Maradi da ke karatu a Faransa ko aiki a Aljeriya yana ganin irin wannan jeri a salularsa, amma da wuya ya ga kansa a ciki. A Agie, Gazawa da Gidan Rumji, kaka lokacin aiki ne: girbin hatsi, ɗaurin dammuna, roron wake, cirar gyaɗa da cika rumbu. Sai an gama wannan ne dare ke yin tsawo, hunturu ya fara busowa, a hura gawayi a fada a ɗora shayi. A nan ne tambayar ke tasowa: me za a kalla, me za a saurara, kuma muryar wa za a ji?

Tambayar ba ta wasa ba ce, domin cikin 'yan shekarun nan muryoyin da aka saba da su sun yi ta raguwa. A watan Agustan 2023 hukumomin Nijar suka dakatar da RFI da France 24. A Disamban 2024 aka dakatar da BBC na wata uku. A watan Maris na 2025 kuma Sashen Hausa na Muryar Amurka, wanda ke magana tun 1979, ya yi shiru bayan gwamnatin Amurka ta tsuke bakin aljihun hukumar da ke kula da shi. Kowa na da ra'ayinsa kan waɗannan matakai, amma sakamakon ɗaya ne ga manomin Cadakori da mai kabu-kabu a Cadawa: an samu giɓi, kuma kunne ba ya zama babu komai. Abin da ya fi saurin cike giɓin shi ne saƙon murya na WhatsApp, wanda ba a san wanda ya naɗa ba, ba a san ranar da aka naɗa ba.

Saboda haka shawara ta farko a wannan kaka ita ce a nemi shirye-shiryen da ke da mai su. Studio Kalangou, wanda ya fara aiki a Yamai a 2016, yana gabatar da labarai da mahawara da Hausa da wasu harsunan ƙasa, ana jin sa ta gidajen rediyo abokan hulɗarsa, ana kuma iya sauke shirye-shiryen a matsayin fodkas, wato shirin murya da mutum ke ajiyewa a salula ya saurara lokacin da ya ga dama. Daga tsallaken iyaka, jaridar Aminiya na da "Najeriya a Yau" da "Daga Laraba", waɗanda ke da amfani ga duk mai fatauci ko cin rani a Katsina da Kano, tunda farashin Naira da halin hanyar Jibiya suna taɓa aljihun Maradi kai tsaye. Mai son al'ada kuma ga "Taɓa Ka Lashe" na DW Hausa. Murya ba ta cin kuɗin intanet kamar bidiyo, ba ta buƙatar a iya karatun boko, kuma ana jin ta hannu na aiki, ko ana sussuka ko ana tuƙi a kan babbar hanyar da ta ratsa Gidan Rumji, Cadawa, Agie da Gazawa zuwa Damagaram.

A fannin kallo, ba sai an gabatar wa kowa da "Labarina" na Aminu Saira, ko "Izzar So", ko "Daɗin Kowa" da "Kwana Casa'in" na Arewa24 ba. Sun riga sun zama abin hira a kowace fada. Amma akwai fina-finai uku da suka cancanci a ware musu dare. "Zinder" na Aisha Macky, wanda ya fito a 2021, ya shiga unguwar Kara-Kara ta Damagaram ya bar matasan da ake kira 'yan fale suna ba da labarin kansu da Hausarsu, ba tare da wa'azi ba. "Zin'naariyâ!" na Rahmatou Keïta, na 2016, shi ne fim na farko da Nijar ta aika gasar Oscar. "Mai Martaba" kuwa, labarin rikicin gadon sarauta da Hausa, shi Najeriya ta zaɓa ya wakilce ta a wannan gasa a 2024. Kallon su a jere yana nuna cewa labarin Bahaushe na iya zagaya duniya ba tare da ya sauya riga ba.

Akwai kuma abin da ba ya buƙatar caji. Bayan girbi ne ake buɗe filayen kokawa a ƙauyuka, daga nan ake tace waɗanda za su wakilci jaha a gasar takobi ta ƙasa, wadda aka fara a Tawa a 1975, kuma ɗan Maradi, Yakuba Kantu, shi ne ya fara ɗaukar takobin. Filin kokawa na birnin Maradi sunansa yake ɗauke da shi. Wanda ke gida ya je ya kalla da idonsa. Wanda ke nesa kuma, ya nemi waƙoƙin Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, ya ji Hausar Gobir da har gobe ake yi a Tibiri, garin da Gobirawa suka kafa a ƙarni na 19 bayan faɗuwar Alkalawa.

Sai dai duk wanda ya duba wannan jeri da kyau zai lura da abu ɗaya. Kusan duk abin da aka lissafa daga Kano, Abuja, Yamai, Damagaram ko Bon ya fito. Gundumomin nan uku masu sauraro ne kawai. Ana jin sunansu a labarai idan 'yan bindiga sun kai hari a bakin iyaka, ko ambaliya ta ci gidaje kamar yadda ta yi wa jahar Maradi a daminar 2024, sannan a manta da su.

Alhali ba labari suka rasa ba. A ƙauyen Ɗan Saga na gundumar Agie, manoma sun yi suna a duniya kan sassaben zamani, wato barin kututturan itatuwa su sake tsirowa a gona a riƙa gyara su maimakon a ƙone. Masu bincike sun ƙiyasta cewa wannan dabara ta farfaɗo da itatuwa kusan miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. An rubuta littattafai da rahotanni a kai da Turanci da Faransanci, Tony Rinaudo da ya yi aikin tare da manoman Maradi tun shekarun 1980 ya karɓi lambar yabo ta Right Livelihood a 2018. Amma saurayin da ke Agadas ko Legas zai sha wahala kafin ya sami minti 30 na muryar dattijon da ya tsare gawon gonarsa yana bayani da bakinsa. Haka nan a gundumar Gidan Rumji, inda tun 2019 dubban mutane da suka gudo daga Sakkwato, Zamfara da Katsina suka sami mafaka, aka zaunar da wasu a Garin Kaka, Ɗan Daji Makau da Cadakori. Yadda masu gida suka raba rijiya da gona da baƙi labari ne da ya fi ƙarfin adadi a rahoton ƙungiyar agaji. Gazawa ma, wadda ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011 bayan an cire ta daga Agie, tana da tsofaffin da suka san tarihin kasuwanninta da hanyoyin fataucinta, kuma kowace shekara ana binne wasu daga cikinsu da abin da ke kansu.

Wani zai ce a shekarar da tiyar hatsi ke neman gagarar talaka, kuma mutane ke kwana da ido ɗaya saboda masu satar mutane, maganar fim da fodkas shagali ne na wanda ya ƙoshi. Damuwar gaskiya ce, amma ta manta cewa mutum ko da yunwa yana sauraro. Matashin da bai sami shiri mai kyau ba zai saurari maras kyau, kuma jita-jita ɗaya ta murya na iya watsa kasuwa ko ta haɗa manomi da makiyayi faɗa, musamman a wannan lokaci da dabbobi ke komowa gonaki cin harawa.

Abin da ake buƙata ba shi da tsada. Gidajen rediyon karkara su riƙa ajiye shirye-shiryensu na gida, su yanka su gajeru, su saka suna da kwanan wata, su tura ta WhatsApp da Facebook domin 'yan cin rani su samu. Fadodin matasa su ware dare ɗaya a mako su ɗauki salula su je wurin maƙeri, ungozoma, tsohon ɗan kokawa ko tsohuwar da ta iya tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, su nemi izini kafin su naɗa, su kuma kiyaye faɗin suna ko mazaunin wanda fallasa shi zai jefa cikin haɗari. 'Yan ƙasa mazauna waje, waɗanda ba sa ƙyashin aiko da kuɗin biki da na ginin masallaci, za su iya haɗa wa rediyon garinsu na'urar naɗar murya da faifan hasken rana. Masu kallo kuma, inda hali ya yi, su kalli fim a tashar mai shi ta YouTube, domin katin da aka cika a shagon caji ba ya mayar wa wanda ya yi wahalar ko dala ɗaya.

A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar. Wannan matsayi zai tsaya a takarda idan Hausar da ake ji a salula ta Kano ce kaɗai, ta Gobir da ta Katsinar Maradi kuma suna ƙarewa a bakin tsofaffi. Daga yanzu zuwa lokacin da motocin cin rani za su fara lodi a tashoshin Agie da Gazawa, akwai 'yan makonni da matasa da dattawa ke gari ɗaya, rumbu da ɗan abin da ya samu, dare kuma da sanyi. A cikin waɗannan makonni ne ya kamata a yi naɗin.