Jam'in Haɗaɗɗun Sunaye A Turanci

Cikin wasiƙun da suka iso mini makon jiya akwai ta wani akawu wanda ya ce ya sha kunya a ofis. Ya buga takardar kiran taro, ya rubuta Attorney-Generals, sai shugabansa ya ja wa kalmar jan layi, ya komo masa da takardar a gaban masinjoji. Yana tambaya, ina laifinsa?

To, malam akawu, kada ranka ya ɓaci, ni ma na faɗa ramin nan sa'ad da nake sabon malami. Ga maganin abin. In suna ya haɗa kalmomi biyu ko uku, sai ka nemi wadda ita ce uwar magana, ita za ka mayar jam'i. Ai mu ma haka muke yi: gidan sauro, gidajen sauro, sarkin fawa, sarakunan fawa.

A Hausa uwar takan zo da fari. A Turanci kuwa galibi tana ƙarshe, kamar post office, post offices, shi ya sa hannu ya saba da kai harafin s can. Amma akwai waɗanda uwarsu ke gaba: brothers-in-law, passers-by, commanders-in-chief.

Haka taka kalmar take. Attorney shi ne mutumin, general sifarsa ce, saboda haka Attorneys-General za ka rubuta. Asalin abin kuwa, a shekarar 1066 mutanen Normandi ta ƙasar Faransa suka ci Ingila, Faransanci ya daɗe yana harshen shari'a a can, shi kuwa yakan sa sifa bayan suna kamar Larabci. Gaskiya ne waɗansu ƙamus sun yarda da yadda ka rubuta, amma a takardar hukuma bin na farko ya fi.

Sai a lura da abu uku. Major-General jam'insa Major-Generals, don a nan general shi ne muƙamin. In babu suna ko ɗaya cikin haɗin, harafin s ya koma ƙarshe, kamar grown-ups. In kuwa woman ta zo da fari, duka biyun ke sakewa: women doctors.

Wanda ya yi shakka ya duba ƙamus kafin ya buga, gama matambayi ba ya ɓata. Allah ya ƙara mana sani, amin. Haza wasalam.

Naku,
Tsohon Malami