Sauyin Salon Bincike a Manyan Kamfanonin Magunguna da Makomar Cututtukan Talaka

Duk ƙwayar maganin da majinyaci ya haɗiya tana da dogon tarihi kafin ta iso hannunsa. Akan shafe shekara 10 zuwa 15 ana bincike da gwaji kafin hukuma ta amince da sabon magani guda, kuma a cikin kowane magani goma da aka fara gwadawa a jikin ɗan'adam, kusan tara ba sa kaiwa kasuwa. A shekarar 2014 wata cibiyar nazari ta Jami'ar Tufts da ke Amurka ta ƙiyasta cewa samar da sabon magani ɗaya kan lashe kimanin dala biliyan 2.6, idan aka haɗa da asarar da aka tafka a kan waɗanda suka faɗi a hanya. Wasu masana na ganin an zuzuta wannan adadi, amma babu mai musun cewa aikin na masu hannu da shuni ne. Saboda haka, shawarar da shugabannin wasu 'yan kamfanoni ƙalilan suka yanke yau game da cutar da za a bincika da wadda za a ƙyale, ita ce za ta tantance wanda zai sami magani nan da shekara 15. Manufar wannan muƙala ita ce ta nuna cewa salon binciken waɗannan kamfanoni ya sauya, kuma sauyin ya bar wani giɓi wanda kasuwa ba za ta taɓa cike shi da kanta ba.

A ƙarnin da ya gabata, kowane babban kamfani yana da nasa manyan ɗakunan bincike, inda dubban masana ke aiki tun daga gano sinadari har zuwa gwada shi. Cibiyar kamfanin Pfizer da ke garin Sandwich a Ingila misali ce mai kyau, domin a can ne aka gano amlodipine, maganin hawan jinin da miliyoyin mutane ke sha a yau. Ribar wannan tsari ta dogara ne a kan haƙƙin mallaka, wanda doka ta ƙayyade wa shekara 20. A cikin wannan wa'adi babu mai ikon yin irin maganin sai mai shi, amma da zarar ya cika, wasu kamfanoni kan fito da kwatankwacinsa a farashi mai rahusa, sai cinikin mai shi na asali ya rushe. Haka ta faru da Lipitor, maganin rage kitsen jini, wanda ya riƙa kawo wa Pfizer fiye da dala biliyan 12 a shekara kafin wa'adinsa ya ƙare a Amurka cikin 2011.

Tsoron irin wannan rushewa ne ya haifar da salon farko na sauyi, wato haɗiye juna. A shekarar 2000 Glaxo Wellcome da SmithKline Beecham suka haɗe suka zama GlaxoSmithKline. A 2009 kaɗai, Pfizer ya sayi Wyeth a kan dala biliyan 68, Merck ya sayi Schering-Plough, Roche kuma ya kammala mallakar Genentech. Kusan duk lokacin da aka yi irin wannan haɗewa, abin da kan biyo baya shi ne rage ma'aikata da rufe ɗakunan bincike. A farkon 2011 Pfizer ya ba da sanarwar janye mafi yawan aikinsa daga Sandwich, inda mutane kimanin 2,400 ke aiki a lokacin.

Salo na biyu shi ne sayen bincike a shirye. Maimakon kamfani ya ɗauki kasadar farawa daga tushe, sai ya zuba ido a kan jami'o'i da ƙananan kamfanoni, duk wanda gwajinsa ya nuna alamar nasara sai a taya shi ko a ƙulla yarjejeniya da shi. A 2011 kamfanin Gilead ya amince ya sayi wani ƙaramin kamfani mai suna Pharmasset a kan kimanin dala biliyan 11, saboda wani maganin ciwon hanta nau'in C da yake gwadawa. Da maganin ya fito a ƙarshen 2013, sai aka sa masa farashin dala 84,000 na makonni 12 a Amurka, wato dala 1,000 kowace ƙwaya.

Salo na uku, wanda ya fi kowane tasiri, shi ne taƙaita fage. Kamfanoni sun karkata ga cututtukan da majinyatansu ko gwamnatocinsu ke iya biya, musamman ciwon daji da ciwon suga da ƙiba. A 2023 Pfizer ya kashe dala biliyan 43 wajen sayen Seagen, kamfanin da ya ƙware a kan magungunan ciwon daji, alhali tun a 2018 ya rufe sashensa na binciken cutar mantuwa da ta makyarkyata da ke addabar tsofaffi.

Adalci ne a faɗi cewa masu goyon bayan wannan sauyi suna da hujjarsu. Sukan ce ƙaramin kamfani ya fi saurin yanke shawara da jure kasada, babba kuwa ya fi iya gwajin dubban mutane da sarrafawa da rarrabawa, don haka rabon aiki alheri ne. Allurar rigakafin korona ta 2020 ta gaskata wannan magana, domin ƙaramin kamfanin BioNTech na Jamus ne ya ƙirƙiro ta, Pfizer kuma ya taimaka aka gwada ta aka watsa ta duniya cikin ƙasa da shekara guda. Haka kuma maganin ciwon hantan nan mai tsada yana warkar da mafi yawan masu shan sa, abin da a da yake da wuya ƙwarai. Bugu da ƙari, kamfanonin ba su rasa ayyukan jinƙai ba. Tun 1987 Merck yake raba ivermectin kyauta don yaƙi da makantar da ƙudajen bakin kogi ke yaɗawa.

Sai dai duk waɗannan hujjoji ba su amsa tambaya ɗaya ba: ina makomar cutar da mai ita ba ya iya biya? Tun a 2002 wani nazari da aka buga a mujallar The Lancet ya nuna cewa a cikin sababbin magunguna 1,393 da suka shiga kasuwa tsakanin 1975 da 1999, guda 16 kacal aka yi domin tarin fuka da cututtukan ƙasashe masu zafi. Sabon salon bai gyara wannan karkata ba, domin ƙaramin kamfani ma ba zai fara binciken abin da ya san babu mai saye daga hannunsa ba.

Batun magungunan kashe ƙwayoyin cuta, waɗanda aka fi sani da antibayotik, ya isa hujja. Ƙwayoyin cuta suna ƙara bijire wa tsofaffin magunguna, amma sabon antibayotik ba haja ce mai riba ba, saboda kwanaki kaɗan ake shan sa, kuma likitan kirki kan adana shi sai an rasa mafita. Don haka AstraZeneca ya sayar da mafi yawan harkarsa ta wannan fanni a 2016, Novartis da Sanofi kuma suka janye daga binciken a 2018. Wani ƙaramin kamfani a Amurka, Achaogen, ya daure har hukuma ta amince da sabon maganinsa a 2018, amma kafin shekara ta zagayo ya durƙushe saboda rashin ciniki. A ɗaya ɓangaren kuwa, wani babban nazari ya ƙiyasta cewa bijirewar ƙwayoyin cuta ta kashe mutane kimanin miliyan 1.27 kai tsaye a 2019, kuma idan aka auna da yawan jama'a, yankin Afirka ta Yamma ne ya fi kowane yanki asara. Ashe ke nan inda buƙata ta fi tsanani, nan ne kasuwa ta fi rauni.

Zargin kamfanoni da rashin tausayi ba zai kawo magani ba, tun da kamfani amanar masu hannun jari ce, kuma riba suke jira. Abin da ya fi amfani shi ne a dubi inda aka taɓa cike irin wannan giɓi, kuma tarihin sanƙarau ya nuna hanya. A annobar 1996 zuwa 1997, cutar ta kama mutane fiye da 250,000 a Afirka, ta kashe kimanin 25,000, kuma arewacin Nijeriya na cikin wuraren da suka fi jin jiki. A 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar PATH suka kafa wani shiri da tallafin dala miliyan 70 daga gidauniyar Bill da Melinda Gates. Jami'an lafiya na ƙasashen Afirka suka nuna cewa rigakafin da ya fi ƙarfin aljihunsu ba shi da amfani a gare su, don haka aka tsayar da farashi tun kafin a fara aiki: ƙasa da rabin dala kowace allura. Da aka rasa babban kamfanin da zai yi a wannan farashi, sai aka ɗauko fasahar daga wani ɗakin binciken gwamnatin Amurka aka miƙa wa Serum Institute na Indiya. A 2010 aka fara allurar MenAfriVac a Burkina Faso da Mali da Nijar, Nijeriya ta biyo baya a 2011, kuma cikin 'yan shekaru sanƙarau nau'in A ya kusa ɓacewa daga yankin. Da sauran nau'o'in suka ci gaba da ɓarna, sai aka sake bin wannan tafarki, har Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta yi amfani da sabuwar allura mai kare nau'i biyar a 2024.

Irin wannan haɗin guiwa ne ya samar da rigakafin zazzaɓin cizon sauro na R21, wanda Jami'ar Oxford ta ƙirƙiro, Serum Institute yake sarrafawa, aka kuma fara yi wa yara a jihohin Kebbi da Bayelsa a ƙarshen 2024. A Ingila ma, tun 2022 gwamnati ta fara biyan wasu kamfanoni tsayayyen kuɗi duk shekara domin sabon antibayotik, ko an sha da yawa ko kaɗan, don kada rashin ciniki ya kashe binciken.

Darasin da ke cikin waɗannan misalai a fili yake. Inda riba ba ta kai ba, wajibi ne kuɗin al'umma ya kai, kuma wajibi ne a gindaya sharaɗin farashi tun ranar da aka ba da kuɗin. Masu iya magana kan ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ƙasashen da zazzaɓi da sanƙarau da ciwon sikila suka fi addaba su ne ya kamata su ware wa jami'o'insu da cibiyoyin bincikensu kaso mai tsoka, su ƙarfafa hukumomin da ke sa ido a kan gwajin magani, domin su shiga irin wannan haɗin guiwa da ƙarfinsu, su daina zaman jiran kyauta.

Malamin makaranta ma yana da nasa rabon a wannan aiki. A ajinsa ne ake fara dasa sha'awar kimiyya a zukatan waɗanda za su zama masu binciken gobe, kuma daga bakinsa yaro zai fara jin illar sayen antibayotik a kasuwa ba da umarnin likita ba, ko yanke shan sa da zarar an ji sauƙi. Tun da samar da sabon magani na ɗaukar shekara 15 da biliyoyin daloli, kiyaye ƙarfin wanda ke hannu nauyi ne da ya rataya a wuyan kowa.