DAJIN DA TALAKA BA YA BI, ƁARAWO KE GADONSA

Ya ku manoma da 'yan kasuwar ƙasar Musawa, muna da tambaya. Wa ya share hanyoyin da suka ratsa dazuzzukanmu? Ba En'e ba ce, ba kuwa ɗan kwangila ba. Iyayenmu ne, da aikin gayya. Da damina ta ɗauke sai a yi shela, samari su fito da gatari da fartanya, mata su dama kunu. A sare ƙaya, a cike zaizaya da duwatsu, a bar ɗorawa da kaɗanya da tsamiya tsaye don inuwa. Ta nan jakin hatsi ke bi ran kasuwa, ta nan mata ke ɗebo kalwar daddawa. Ba wanda aka biya ko anini.

To, da me masu mulki suka saka mana? Dokar gandun daji ta 1937 ta ƙarfafa ikon En'e na shata daji ta kafa masa iyaka. Talaka ya zama baƙo a wurin da kakansa ya share. Malamin daji ya gan ka da ɗanyen ice, sai tara. Aka rushe En'e a 1976, muka ce wahala ta ƙare. Ashe da sauran rina a kaba! Dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamna, wai amana. Mun ga riƙon amanar: gandu ya koma gonar mai kuɗi, burtali ya koma gonar masara, ɗorawa ta koma buhun gawayi a bakin titi.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ku dubi Dajin Rugu, yamma da mu. Gandun hukuma ne, amma wa ya gaje shi? 'Yan bindiga. A Disamba 2020 suka kwashe yara fiye da 300 daga makarantar Ƙanƙara suka nausa daji da su. Hanyar da ake bi kullum tana da idanu. Wadda ciyawa ta rufe, ta ɓarawo ce.

Saboda haka ga abin da muke nema. Na ɗaya, a auna abin da ya rage na dajin kowane gari a gaban jama'a, a karanta iyakarsa a kasuwa, kada a sāke yanka wa wani babba ko taki ɗaya. Na biyu, hanyar ciki a bar wa gayyar gari, mu share, mu dasa itatuwa, mu kai 'yan makaranta su san marke da kanya da sunansu. Na uku, hukuma ta tsare ran masu aikin, don ba ma tura 'ya'yanmu gaban bindiga da fartanya.

Kowa ya tayar da maganar nan a unguwarsa da rumfarsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya ba mu sa'a, amin.